Babi na Shida: Wasan da Ba a Cin Sa da Ƙarfi

A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake ɗauka shi ne ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa. A daidai lokacin ana tsaka da aikin madatsar ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. A watan Oktoban 1990 ɗin kuma, can jihar Kalifoniya ta Amurka, sashen wasanni na kamfanin Lucasfilm ya saki wani wasan kwamfuta mai suna The Secret of Monkey Island, wato sirrin tsibirin biri. Fim ya shiga gida-gida, madatsa ta sauya noma da kamun kifi a yankin. Shi kuwa wasan, har gobe in ka tsaya a dandalin Kafin Dafga ko tashar Rogo ka ambaci sunansa, da wuya ka samu wanda zai ɗago kai. Duk da haka na ware masa babi guda, domin cikin wasannin da littafin nan ya taɓo babu wanda ya kai shi kusanci da abin da Bahaushe ya riga ya iya.

Labarinsa na wani saurayi ne mai suna Guybrush Threepwood, wanda ya sauka a tsibirin Mêlée ba ko sisi a aljihunsa, burinsa kawai ya zama ɗan fashin teku. Manyan 'yan fashin garin suka gindaya masa sharuɗɗa uku: ya kayar da gwanar takobi ta tsibirin, ya ɗauko wani gunki daga gidan gwamna, ya kuma tono dukiyar da aka binne. Yana cikin wannan fafutuka ya kamu da son gwamnar, Elaine Marley, sai fatalwar wani ɗan fashi mai suna LeChuck ta sace ta, dole ya nemi jirgi da matuƙa ya bi sawu.

Yadda ake wasan shi ne abin lura. Hoton wuri ne a saman allon kwamfuta, a ƙasa kuma ga jerin kalmomin aiki goma sha biyu, irin su buɗe, rufe, tura, jawo, ɗauki, duba, ba da, yi magana da. A gefe ga sunayen abubuwan da ke aljihun yaron. Mai wasa zai riƙe linzamin kwamfuta ya latsa kalmar aiki, ya latsa abin da yake nufi, jimla ta haɗu, Guybrush ya aikata ko ya ce ba zai yiwu ba. Shi ya sa ake ce wa irin waɗannan wasanni nuna-ka-latsa. Kafin su, tun daga Colossal Cave Adventure na 1976 har zuwa King's Quest na 1984, sai mutum ya rubuta umarninsa harafi-harafi, in bai dace da kalmar da kwamfuta ta sani ba ya yini a wuri ɗaya. Ron Gilbert, wanda ya jagoranci Monkey Island tare da Tim Schafer da Dave Grossman, ya yi maganin wannan tun a Maniac Mansion na 1987, da wata manhaja da suka sa wa suna SCUMM. Da ita kamfanin ya ci gaba da gina wasanninsa na tsawon shekara goma.

Bari mu duba ƙulli ɗaya a kusa. Gidan gwamna karnuka ne ke gadinsa, masu cizo, ba a wucewa. Guybrush ba shi da makamin da zai kore su, kuma wasan ba zai ba shi ba. A kicin ɗin mashayar garin akwai tsokar nama, amma mai dafa abinci ba ya barin kowa ya shiga, sai ka tsaya ka lura da lokacin da yake fita kai wa baƙi abinci ka faɗa. A daji kuma akwai wani fure rawaya da za ka wuce ba ka kula ba in kana sauri. Wanda ya tsinki furen, ya haɗa shi da naman, ya jefa wa karnukan, zai ga sun ɓingire ɗaya bayan ɗaya, sai rubutu ya fito yana kwantar masa da hankali cewa barci kawai suke yi. A wani wurin an ɗaure yaron da gunkin nan mai nauyi an jefa shi teku. Kewaye da shi ga wuƙaƙe da almakashi, kowanne ya ɗan fi ƙarfin hannunsa. Mutane da yawa suna ɓata lokaci wajen miƙa hannu. Mafita ita ce ya ɗauki gunkin da kansa, ya sa a aljihu, ya hau tsani ya fita, tunda dama shi ya ɗauko shi daga gidan gwamna. Mai wasa yakan yi dariya in ya gano, domin amsar tana gabansa tun farko.

Amma abin da ya fi zama a zukatan waɗanda suka yi wasan shi ne faɗan takobi. A yawancin wasannin zamanin, faɗa saurin yatsa ne. A nan kuwa baki ne ke yin faɗan. Abokin karawa zai jefo maka baƙar magana, a ba ka jerin amsoshi ka zaɓa. In ka mayar da wadda ta dace, ka matsa shi baya. In ka yi shirme, ya matsa ka. Da farko Guybrush bai san komai ba, don haka kayar da shi ake yi. Sai dai duk kayen da ya sha yana tashi da sabuwar magana ko sabuwar amsa a kansa, ya je ya gwada a kan wani. Bayan ya tara abin da ya tara sai ya nufi gwanar takobin, Carla, ya tarar duk maganganunta sabbi ne, bai taɓa jin ko ɗaya ba. Wanda ya haddace kawai, nan zai tsaya. Wanda ya fahimci ma'ana zai ga cewa tsofaffin amsoshinsa suna hawa sabbin maganganun daram, in ya iya zaɓe. Duk wanda ya taɓa zama inda Bakano da Bazazzagi suka haɗu, ko Bafillace da Babarbare, ko taubasai a gidan biki, ya san wannan fage, ya kuma san cewa mai shiryayyar amsa a aljihu ba ya daɗewa a cikinsa. Marubuci Orson Scott Card ne ya taimaka wajen tsara maganganun, kuma har yau ana koyar da wannan faɗa a matsayin misalin yadda ake mayar da zance ya zama wasa.

Gadon Monkey Island na gaskiya yana cikin wata doka da Gilbert ya ɗora wa kansa. A 1989 ya rubuta maƙala yana sukar wasannin zamaninsa, yana cewa masu yin su ba sa yi wa mai wasa adalci. Yana da hujja. A King's Quest na biyar, wanda kamfanin Sierra ya fitar a shekara ɗaya da Monkey Island, akwai wata waina da ake saya a farkon tafiya. In yunwa ta sa ka cinye ta, wasan ba zai ce maka komai ba, sai can gaba a kan dutsen ƙanƙara dodo ya tare ka, ashe wainar ce makaminsa, kuma babu hanyar komawa. Aikin kwanaki ya tashi a banza. Gilbert ya ce bai kamata a bar mutum ya faɗa ramin da ba fita saboda abin da ba yadda za a yi ya sani ba. Bai kamata sai ya mutu kafin ya koyi darasi ba. Ya kamata ya ga matsala kafin ya ga maganinta, ya san inda ya dosa, kowane ƙulli kuma ya ciyar da labari gaba. A Monkey Island ya cika alkawari. Ba ka rasa abin da za ka buƙata gaba, ba ka mutuwa, in ban da wuri ɗaya: yaron yana alfaharin zai iya riƙe numfashi minti goma, to in ka bar shi a ƙarƙashin ruwa ya wuce minti goman, ya tafi.

Wannan doka ta sauya halin mai wasa. Wanda ke tsoron mutuwa ba ya taɓa abin da bai sani ba. Wanda aka ba aminci kuwa zai buɗe kowace ƙofa, ya tsaya da kowane mutum, ya yi tambayar hankali da ta wauta don ya ji abin da za a ce. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma wasan kacokan a kan wannan aka gina shi. Ina ganin mutunta mai wasa da aka yi a nan ya fi duk wata fasahar hoto ko kiɗa da ke cikinsa daraja, ko da yake kiɗan Michael Land ma abin saurare ne.

Zamanin bai daɗe ba. Doom ya fito a 1993, PlayStation a 1994, kasuwa ta koma ga harbi da gudu da hotuna masu zurfi. Grim Fandango na Tim Schafer, a 1998, ya sha yabo amma bai yi cinikin da aka sa rai ba. LucasArts, sabon sunan sashen, ya fitar da wasansa na ƙarshe na wannan salo a 2000, ya soke wani da ake tsaka da yi a 2004. Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, a 2013 aka daina ƙera wasanni a LucasArts. Masoya ne suka riƙe abin. Tun 2001 wasu masu sa kai suka fara ScummVM, manhajar kyauta da ke sa tsofaffin wasannin nan su yi aiki a sabbin na'urori, har da wayar Android. A Fabrairun 2012 Schafer ya roƙi jama'a dala 400,000 a dandalin Kickstarter don ya yi sabon wasa irin na da. Mutum fiye da 87,000 suka tara masa sama da dala miliyan 3.3. A shekarar kuma kamfanin Telltale, wanda tsofaffin ma'aikatan LucasArts suka kafa, ya fitar da The Walking Dead, inda zaɓen abin da za ka faɗa shi ne kusan dukkan wasan. Gilbert da Grossman suka dawo da Return to Monkey Island a Satumbar 2022, shekara 32 bayan na farko.

A Afirka ma an gwada. Chris Bischoff da ɗan'uwansa a Afirka ta Kudu sun fitar da Stasis a 2015, da Beautiful Desolation a 2020, wanda labarinsa da shimfiɗar ƙasarsa na can gida ne. Mutane ƙalilan ne suka yi su, ba wani katafaren kamfani ba.

To me ya hana Monkey Island isowa Ƙaraye da Rogo? Dalilin farko a fili yake. A 1990 wasan yana zuwa ne a kan faya-fayan kwamfuta, ita kuwa kwamfutar sai manyan ofisoshi da jami'o'i, ga batun wuta. Lokacin da wasan lantarki ya iso mana, ta wata ƙofa ya shigo: gidan gem mai janareta da talabijin da benci, inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo ko dambe, sai wayar hannu bayan 2001 da macijin Nokia, sai wayoyin shafa na yanzu. Mai gidan gem yana son wasan da zai ƙare cikin 'yan mintuna na gaba ya zauna. Wasan da mutum ɗaya zai shafe mako yana tunani a kansa ba zai biya kuɗin fetur ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne harshe. Ƙwallo ba ta buƙatar tafinta, haka ma naushi. Monkey Island kuwa daga farko har ƙarshe karatu ne da Ingilishi, kuma Ingilishin barkwanci, wanda ko mai digiri sai ya yi da gaske. An fassara shi zuwa Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci, har Jamus ta zama ɗaya daga manyan gidajen wannan salo, amma ba a yi shi da Hausa ba. Ban kuma ga cewa fassara ce maganin ba. Duniyarsa ta mashaya ce da giya da fatalwa da tsafin tsibiran Karibiyan, uba a Kafin Dafga yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya miƙa wa ɗansa. Abin ɗauka a cikinsa shi ne ginin, ba kayan ɗakin ba.

Ginin kuwa mun san shi tun muna zaune gaban kakanninmu. A tuna tatsuniyar Ruwan Bagaja yadda aka fi ba da ita. An tura 'yar bora ta wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa. A hanya tana cin karo da ruwaye iri-iri masu jan rai, tana tambaya cikin ladabi, tana wucewa. Ta isa gidan da cinya da kare suke zaune, abin da zai sa wani dariya ko gudu, ita kuwa ta gaishe su, ta yi abin da aka sa ta. Aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta fasa shi inda aka ce ta fasa, arziki ya fito. 'Yar mowa ta bi hanyar nan tak, ta gamu da abubuwan nan tak, amma bakinta da zaɓinta suka kai ta ga wahala. Wuri ɗaya, mutane ɗaya, kaya ɗaya, sakamako biyu, kuma bambancin yana ga abin da aka faɗa da abin da aka ɗauka. Wanda zai zana wasan nuna-ka-latsa ba ya buƙatar taswirar da ta wuce wannan. Ga Gizo, wanda bai taɓa kayar da zaki ko kura da ƙwanji ba. Ga littafin Abubakar Imam, shi ma mai suna Ruwan Bagaja, da ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, inda Alhaji Imam ke yawon neman ruwan gari-gari, shi da Malam Zurƙe suna ɗana wa juna tarko. Ga kacici-kacici, wanda dokarsa ita ce dokar Gilbert: dole amsar ta kasance abin da mai sauraro ya sani, in ya ji ta ya ce ai kuwa haka ne. In ya gaza ya ba da gari, a gaya masa, a ci gaba. Ba a korarsa daga dandali.

Kayan aikin ma a tattare suke. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantu. Abin da ke bakin tsofaffin matan ƙauyukanmu, wanda ba a rubuta ba, ya ninka wannan.

A ɗan kwatanta. Yaro ne a Kafin Dafga, bijimin huɗar babansa ya ɓace ana gab da saukar damina. Ya fita da goro biyu da igiya da guntun rake. Mai shayi ya ga wucewar bijimin amma ba zai yi magana ba sai an dawo masa da butarsa da maƙeri ya riƙe. Maƙeri gawayi yake jira. Mai gawayi kurma ce, jikarta kaɗai ke iya yi mata bayani, jikar kuma tana bakin ruwan Challawa tana jiran masunta. Masunci ba zai tsallakar da kai ba sai ka gaishe shi yadda ake gai da Sarkin Ruwa, kuma a jerin gaisuwa huɗu da allo zai nuna maka ɗaya ce daidai, wadda ka ji a bakin wani tsoho tun a farkon wasa in ka tsaya ka saurare shi. A gaba ga Bafillatani a ruga, wanda sai ka yi masa wasan da ke tsakaninku kafin ya nuna maka sawu. Babu harbi ko ɗaya a nan, babu wanda ya mutu, kuma yaron da ya gama shi ya san gaisuwa, ya san sana'o'in garinsu, ya karanta Hausa ta awa da awanni ba wanda ya tsaya a kansa da bulala. In aka sa murya, kamar yadda aka sa wa Monkey Island a sabon bugun 2009, wanda bai yi boko ba ma zai yi.

Wani zai ce ina kuɗin? Cikin duk nau'o'in wasan kwamfuta, wannan yana daga mafi araha. Ba ya son na'ura mai ƙarfi, ba ya son intanet bayan an sauke shi, hotunansa zane ne a tsaye. Adventure Game Studio, manhajar da Chris Jones ya fara a 1997 don irin wannan aiki, kyauta ce. Twine da Godot ma kyauta ne. Abin da yake ci shi ne marubuci mai kunne, da mai zane, da mai haƙurin gwaji. Marubuta kuwa ba mu rasa su ba: matan da suka riƙe adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980, da waɗanda yanzu ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad mutane na biya suna karantawa, sun san yadda ake riƙe mai karatu. Hanyar rabawa ma tana nan. Shagunan caji da masu tura finafinai a waya sun kai fassarar finafinan Indiya ƙauyukan da motar haya ba ta zuwa kullum. Wanda ya tura fim zai tura wasa.

Kamfanonin wasanni na Nijeriya, irin su Maliyo da aka kafa a Legas a 2012, sun fi karkata ga gajerun wasannin waya. Ɗaya daga cikin nasu sunansa Aboki Run, kuma gudu ne aikin da ke cikinsa. Ba na zargin su, kasuwarsu suka duba. Amma yana yi mini ciwo a ce harshen da ke da Gizo da Malam Zurƙe, mai masu magana da shi miliyoyi daga Kano zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi, har yanzu 'ya'yansa ba su saba ganin jarumin wasa yana buɗe baki da shi ba.

Jami'ar Bayero tana da masu nazarin harsunan Nijeriya da adabin baka, tana kuma da masu karatun kwamfuta, a gari ɗaya. Kowace shekara ɗaliban ɓangarorin biyu suna rubuta kundin kammala karatu. Ina roƙon malamansu su haɗa ɗalibi ɗaya daga nan da ɗaya daga can, a ƙara musu mai zane, a ba su tatsuniya guda da zango biyu na karatu. Kada su fara da babban abu: wurare goma, mutane goma, ƙulli goma sha biyar sun isa. In sun gama, kada a tsaya ga makin malami. A ɗora shi a waya mai araha, a kai shi Kafin Dafga, a miƙa wa yara da iyayensu mata, a zauna a gefe a rubuta duk inda suka tsaya da duk inda suka yi dariya, sannan a koma a gyara.